Gangar Mai, Litar Esansi da Hannun Jari: Inda Gure Ta Tsaya a Kasuwar Mai

Da ganga ake cinikin ɗanyen mai a duniya, kowace ganga lita 159, kuma da dalar Amurka ake yanka farashinta. Ma'auni biyu ne suka fi tashe. Akwai Brent, wanda ya samo sunansa daga wani filin mai da ke Tekun Arewa tsakanin Birtaniya da Norwe, shi ne ake auna yawancin man Afirka da shi. Akwai kuma WTI na Amurka. Duniya na shan sama da ganga miliyan 100 kowace rana. Nijar, ko da rijiyoyin Agadem sun ba da duk abin da aka tsara musu, ganga dubu 110 za ta fitar a rana, wato kusan ɗaya cikin dubu na abin da duniya ke sha. Mai irin wannan kaso ba ya sa farashi, karɓa yake yi yadda ya zo.

Gure na zaune a kan babbar hanya mai lamba ɗaya da ta haɗa Damagaram da Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Arewa maso gabas da ita, cikin rairayin jihar Diffa, akwai rijiyoyin Agadem. Yamma da ita, a kan hanyar Tanut, akwai matatar SORAZ. Garin na tsakanin inda ake haƙo man da inda ake tace shi, amma farashi uku ne daban-daban ke da alaƙa da wannan mai, kuma mutane kan cakuɗa su: kuɗin ganga a kasuwar duniya, kuɗin lita a gidan mai, da kuɗin hannun jarin kamfanonin da ke harkar. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su, sai dai ba tare suke motsi ba.

Farashin ganga bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A watan Yulin 2008 ya haura dala 147, kafin ƙarshen shekarar ya faɗo ƙasa da 40 saboda durƙushewar bankunan Amurka da Turai. A wannan shekarar ce, cikin watan Yuni, gwamnatin Tandja Mamadou ta rattaba hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan yarjejeniyar Agadem, lokacin da mai ke gab da ƙololuwar tsadarsa. Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 ganga ta yi zamanta galibi sama da dala 100, kuma a cikin wannan wadata ne aka buɗe SORAZ, ranar 28 ga Nuwamban 2011. Sai Amurka ta cika kasuwa da man da take tatsowa daga cikin duwatsu, Saudiyya kuma ta ƙi rage nata, farashi ya zube har ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Wannan ne ya sa ƙungiyar OPEC, wadda aka kafa a Bagadaza a 1960, ta haɗa kai da Rasha da wasu ƙasashe a ƙarshen 2016 don su riƙa rage haƙa tare idan kasuwa ta cika.

Abin da ya fi ba da mamaki ya faru ne ranar 20 ga Afrilun 2020, lokacin annobar korona. Jirage sun tsaya, motoci sun tsaya, ma'ajiyar mai a Amurka ta kusa cika maƙil. Waɗanda suka yi alƙawarin karɓar mai a watan Mayu suka rasa inda za su zuba shi, har farashin WTI ya koma ƙasa da sifiri, mai sayarwa na biyan mai saye kimanin dala 37 a kowace ganga don ya rabu da kayan. Shekara biyu bayan haka, da Rasha ta shiga Yukiren, Brent ya kusa taɓa dala 140 a watan Maris na 2022. A 2023 da 2024 ya tsaya kusa da 80, a 2025 kuma ya sauko cikin sittin da wani abu. Dalilan ba su wuce uku ba a kowane karo: yawan man da ake fitarwa, yawan wanda ake buƙata, da tsoron yaƙi, musamman a mashigin Hormuz inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ke ratsawa.

Ɗan kabu-kabu a Gure, ko manomin kwari da ke ban-ruwa da inji a ƙarƙashin itatuwan dabino, ba ya jin wannan hawa da sauka kai tsaye. A Nijar gwamnati ce ke yanke kuɗin lita. CNPC na sayar wa SORAZ ɗanyen mai a farashin da aka daidaita a kai, ba na kasuwar duniya ta Landan ba. SORAZ, wadda CNPC ke da kashi 60 cikinta, gwamnati kuma 40, tana tace har ganga dubu 20 a rana, ta sayar wa SONIDEP, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1977, shi kuma ya rarraba wa gidajen mai. Shi ya sa ganga za ta iya yin tashin gwauron zabi a Landan, allon gidan mai a Gure bai canza ba. A watan Agustan 2022 an ɗaga gazuwal daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yulin 2024 kuma aka rage shi zuwa 618, esansi ya koma 499. Duka biyun shawara ce ta hukuma.

Amma kasuwa na da ƙofar baya, kuma ƙofar tana kudu. Shekaru da yawa rabin labarin mai a jihar Damagaram shi ne ruwa-ruwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki, ana sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya. Arharsa ta fito ne daga tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, kuɗin lita a Najeriya ya ninka kusan uku cikin kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa. Ribar fasa-ƙwauri ta ragu, masu sayen ruwa-ruwa suka koma gidajen mai, kuma rage farashin da aka yi a 2024 ya ƙara jawo su. SORAZ, wadda a farkonta take da rarar da ake kaiwa Najeriya da Mali da Burkina Faso, ta wayi gari ba ta iya ƙosar da gida. A watan Maris na 2025 layukan mai suka miƙe a Yamai da Damagaram da sauran garuruwa, sai da aka shigo da tankoki daga waje. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne: farashin da hukuma ta yanke yana kare talaka daga girgizar kasuwa, amma idan ya yi nisa da na maƙwabta, a ƙarancin kaya ake biyan bambancin. Kuma idan aka koma shigowa da mai daga waje, da farashin duniya za a saya, da dala, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957. Idan dala ta yi ƙarfi a kan yuro, mai ya ƙara tsada ga Nijar ko da ganga ba ta motsa ba.

Inda farashin duniya ke bugun Nijar kai tsaye shi ne baitulmali. A watan Satumban 2019 Shugaba Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da aikin bututun da ya tashi daga Kulele, a yankin Agadem, zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Binin, tsawon kusan kilomita 2,000. An buɗe shi ranar 1 ga Nuwamban 2023, an kuma tsara ya ɗauki ganga dubu 90 a rana. Man da ke bi ta cikinsa, wanda kasuwa ta sani da suna Meleck, da ma'aunin Brent ake sayar da shi. Lissafin a bayyane yake: idan bututun ya cika, kowace dala 10 da ta ragu a ganga tana nufin asarar dala dubu 900 a rana, sama da miliyan 320 a shekara, kafin a raba. Rabon kuma ba daidai yake ciwo ba. A tsarin yarjejeniyar raba amfani, bayan harajin haƙa, kamfani na fara cire kuɗin da ya kashe daga man da aka samu, sannan a raba ragowar. Idan farashi ya faɗi, ganguna da yawa ne ke tafiya wajen biyan ɗawainiya, sai kason gwamnati ya ragu fiye da yadda farashin ya ragu.

Haka abin yake ga bashi. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kafin-alƙalami, da ruwan kashi 7 cikin ɗari, za a biya da mai cikin wata 12. A kan dala 80, ganga miliyan 5 ke biyan uwar kuɗin. A kan dala 60, sai an ba da kusan miliyan 6.7. Wanda ya ci bashi a kan kayan da ba shi ke sa musu farashi ba, ya ɗauki kasada biyu a lokaci guda.

Shekarar 2024 ta kuma nuna cewa farashi ba shi kaɗai ke hana mai zama kuɗi ba. Jirgin farko ya yi lodi a Seme a watan Mayu, cikin takaddamar rufe iyaka tsakanin Nijar da Binin, wadda ta tsayar da fitar da man na tsawon makonni. A daren 16 ga Yuni aka fasa bututun a yankin Taskar, wanda har zuwa 2011 yake ƙarƙashin Gure, ƙungiyar 'yan tawayen FPL ta ce ita ta yi. A watan Maris na 2025 gwamnati ta kori manyan jami'ai uku 'yan ƙasar Sin na CNPC da SORAZ da WAPCO mai kula da bututun. Duk wani mai zuba jari a Landan ko Hong Kong da ya duba Nijar, waɗannan abubuwa yake sa wa a sikeli tare da kuɗin ganga.

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Mai shi na samun amfani ta hanya biyu: rabon riba da kamfani ke yi a shekara, da tashin darajar hannun jarin idan ya zo sayarwa. Darajar ba ta bin ribar jiya, tana bin ribar da masu saye ke tsammani gobe. Saboda haka kamfani na iya sanar da riba mai tsoka, hannun jarinsa kuma ya faɗi a ranar, don kasuwa ta hango ganga za ta sauka.

Kamfanonin makamashi ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mai haƙa shi ne ya fi jin motsin farashi. Idan ganga na cin masa dala 40 kafin ta fito, a kasuwar 80 ribarsa 40 ce, a kasuwar 60 kuma 20. Farashi ya ragu da rubu'i, riba ta ragu da rabi. Mai tacewa kuwa lissafinsa kamar na mai yin man gyaɗa ne, wadda ba tsadar mai ce ribarta ba, tazarar da ke tsakanin kuɗin tiyar gyaɗa da kuɗin man da ƙuli-ƙulin da ta samu ne. Matata na iya cin riba a lokacin arha, ta yi asara a lokacin tsada. Mai bututu na karɓar kuɗin dako a kowace ganga, damuwarsa ita ce man ya gudana. Mai gidajen mai a ƙasar da hukuma ke yanke farashi yana da ƙayyadajjen rabo a lita, sai ya sayar da yawa yake samu. Manyan kamfanoni irin su ExxonMobil da Shell da TotalEnergies sun haɗa dukkan waɗannan rassa, don wani ya tallafi wani.

Duk da haka ba su tsira ba. A 2020 ExxonMobil ya yi asarar sama da dala biliyan 22, Shell kuma ya rage rabon ribarsa a karon farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. A 2022 ExxonMobil ɗin nan ya ci ribar kusan biliyan 56, Aramco na Saudiyya kuma biliyan 161. Wanda ya saya a tsakiyar firgicin 2020 ya ninka kuɗinsa, wanda ya saya a 2014 lokacin da kowa ke yabon mai ya yi shekaru yana jiran ya mai da uwar kuɗi. Misali mafi kusa da Agadem shi ne PetroChina, reshen CNPC da ke kasuwar hannayen jari. Ranar da aka fara cinikinsa a Shanghai, a Nuwamban 2007, darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya, kamfani na farko a tarihi da ya kai haka. Bai sake komawa wannan farashi ba.

Akwai kuma ƙaramin kamfani na Birtaniya, Savannah Energy, da ake cinikin hannun jarinsa a Landan, wanda ya riƙe lasisin bincike a kwarin Agadem. A 2018 ya haƙa rijiyoyi biyar ya samu mai a dukkansu: Bushiya, Amdigh, Kunama, Eridal da Zomo. Samun mai a ƙasa bai zama kuɗi a aljihun masu hannun jari nan take ba, domin sai an haɗa rijiyoyin da bututu, an kuma samu kuɗin yin hakan. A Disamban 2022 aka dakatar da cinikin hannun jarinsa saboda wata yarjejeniyar saye a Sudan ta Kudu, dakatarwar ta ɗauki dogon lokaci, yarjejeniyar kuma ba ta kammalu ba. A Maris na 2023 Cadi ta mayar da kadarorin da ya saya daga ExxonMobil mallakin ƙasa. Mai riƙe da hannun jarin irin wannan kamfani na iya yin daidai a hasashen farashin ganga, ya kuma yi asara.

Game da abin da ke gaba, masana sun rabu gida biyu. Hukumar makamashi ta duniya da ke Paris ta sha yin hasashen cewa buƙatar mai za ta kai ƙarshen hawanta a wajajen 2030, hujjarta mafi ƙarfi ita ce ƙasar Sin, inda kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu amfani da lantarki ne, gaba ɗaya ko wani ɓangare. OPEC ta ce buƙata za ta ci gaba da ƙaruwa har 2050, tana nuni da Indiya da Afirka, da jiragen sama, da masana'antun roba da taki. A ɓangaren fitarwa, Amurka na haƙa sama da ganga miliyan 13 a rana, Barazil da Guyana da Kanada na ƙarawa, OPEC da ƙawayenta kuma sun fara maido da man da suka rage tun daga Afrilun 2025. Idan babu yaƙin da ya toshe hanya, wannan yanayi na jan farashi ƙasa. Idan akwai, lissafin na rushewa cikin mako guda.

Manyan kamfanonin sun nuna inda suka karkata da kuɗinsu. ExxonMobil ya sayi Pioneer a kan kimanin dala biliyan 60, Chevron ya sayi Hess a kan 53, BP kuma ya sanar a Fabrairun 2025 cewa zai rage zuba jari a makamashin rana da iska ya ƙara a mai da gas. A Najeriya akasin haka ake gani: baƙi na ficewa daga rijiyoyin tudu da na bakin teku, 'yan gida na saye. Oando ya karɓi kadarorin Agip a Agustan 2024, Seplat ya kammala sayen na Mobil a Disamba, Aradel ya shiga kasuwar Legas a Oktoba. Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, a kasuwar da ganga ke tsakanin 60 da 70, kamfanin da ke haƙa da arha, bashinsa kaɗan, rijiyoyinsa a ƙasashe da yawa, zai ci gaba da biyan riba ko da darajarsa ba ta yi tsalle ba. Wanda ya sayi rijiyoyi da bashi, ko ya dogara da bututu ɗaya a ƙasa ɗaya, shi ne zai fara jin jiki. Wannan hukunci ya shafi Nijar kanta, domin bututu ɗaya gare ta zuwa teku, abokin hulɗa ɗaya ne ke riƙe da mafi yawan harkar, kuma kuɗin dako na kilomita dubu biyu na rage abin da kowace ganga ke kawowa.

Mutumin Gure da ke da rarar kuɗi, ɗan kasuwar dabbobi ne ko ma'aikacin gwamnati, ba zai iya sayen hannun jarin SORAZ ko SONIDEP ba, ba sa kasuwa. Kasuwar da ta shafe shi ita ce BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 don ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, tana da ofishi a Yamai. A can akwai kamfanonin rarraba mai irin su TotalEnergies na Kodibuwa da na Senegal da Vivo Energy na Kodibuwa. Dillalan mai ne ba masu haƙa ba, don haka ribarsu ta fi bin yawan lita da ƙa'idar hukuma fiye da Brent. Daga Nijar kuwa, sunan da aka sani a kasuwar shi ne bankin BOA, ba kamfanin mai ba. Ana saye ne ta hannun dillali mai lasisin hukumar kula da kasuwar kuɗi ta yankin, ana buɗe asusu da sunan mai saye. Malaman fiƙihu na zamani da yawa sun halatta hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, da sharaɗin bashin ruwa bai rinjayi dukiyarsa ba, kuma kamfanonin mai da yawa na da bashi mai nauyi, don haka mai kiyaye wannan sai ya duba kafin ya saya. Saƙonnin waya da ke alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan jarin mai ba hannun jari ba ne. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM a 2016 da CBEX a 2025 a Najeriya sun ga ƙarshen irin wannan alƙawari.

Ga mafi yawan mutanen Gure da kewayenta, hannun jarinsu na gaskiya a harkar mai shi ne wanda gwamnati ke riƙe da shi a madadinsu: kashi 40 na SORAZ, kasonta a rijiyoyin Agadem da bututun, da haraji. Dokar man fetur ta Nijar ta kuma ware kashi 15 na wasu kuɗaɗen mai don ƙananan hukumomin yankunan da abin ya shafa. Mai hannun jari a Landan ko Legas na samun rahoton kamfaninsa a rubuce aƙalla sau biyu a shekara, da adadin gangunan da aka sayar, da farashin, da bashin da ya rage. Nijar ta fice daga shirin bayyana kuɗaɗen ma'adinai na duniya a 2017, ta koma a 2020. Ya kamata hukumomin mai su riƙa wallafa irin waɗannan alƙaluma a kai a kai, a karanta su a gidajen rediyon jihar da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci, hukumomin garuruwa irin su Gure da Gidigir da Bune da Kelle kuma su faɗi nawa ya shigo musu daga kuɗin mai da abin da aka yi da shi.